Gurbin Yatsa a Ƙafar Kubra

A Kwandiko aka haifi Mairama 'yar Hambali, can ƙasar Gwaram, a gidan da ake noma da damina, ana kiwo shekara zagaye. Kakanninta masu yawo da shanu ne, amma tun zamanin kakanta suka kafa turke suka ƙi tashi, har Fillanci ya zube daga bakin yara. Abin da bai zube ba shi ne kunya. A gidan Hambali mace ba ta cin abinci a gaban surukai, ba ta kuka a naƙuda. Ɗan farinta kuwa ko sunansa ba ta faɗa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ko wuta ya nufa sai dai wani ya janye shi.

Tana da shekara tara mahaifiyarta ta rasu, ta bar mata awaki biyu da ƙwaryar tatsa. Da yake babu babban ɗa namiji a gidan, ita aka bar wa maruƙa. Ta san wanda ya ƙoshi, ta san wanda ciki kawai ya ɗaure masa. Maraƙin da uwarsa ta mutu, ita ke tsoma yatsa a madara ta sa masa a baki har ya koyi sha. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce wannan ba zai ga damina ba, mahaifinta ba ya musu, mahauci yake nema.

Da rani Hambali kan kora shanunsa Birnin Kudu, su zauna a gonar wani manomi su zuba masa taki. Ɗan manomin nan, Barau, shi ya ga Mairama a bakin rijiya, ya yi ta zarya shekara biyu har aka ba shi. Mutum ne mai sanyin hali, da damina yana gona, da rani yana saƙa. Ya yi gidansa kusa da ganuwa, mahaifiyarsa Turai kuwa tana babban gida a tsakiyar gari. Shekara na zagayowa Mairama ta haifi 'ya mace, aka sa mata Kubra.

Mairama ta riƙe abin da aka koya mata. In an tambaye ta lafiyar yarinya, sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. In ya zama dole ta ambace ta, sai ta ce "'yar Inna". Turai na jin daɗin haka, tana faɗa wa mata cewa ɗanta 'yar mutunci ya auro.

Kubra ta fara tafiya ke nan annoba ta faɗa wa shanu. Saniya za ta wayi gari ido na hawaye, baki na dalala, kwana huɗu ta faɗi. Daga Gwaram har Birnin Kudu ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi in an zo wucewa. Garken Hambali ko ɗaya bai tsira ba. Gindin tsamiyar da masu nono ke zama a kasuwa ya koma makwancin jakuna, fura sai da ruwan tsamiya ake dama ta.

A bazarar nan baƙon dauro ya ratsa gari, ya kama Kubra. Ta tashi, amma a rame, wuya kamar sillen kara. Lokacin yaye kuma ya yi. Turai ta zo da kanta, da sabon zanen goyo, ta ce, "Kawo min ƙawata. Nonon naki ya tsinke, ba ya riƙe ta. Bar min ita ki ga aiki." Mairama ta juya fuska bango kamar yadda ake yi, aka fita da yarinya tana tsala kuka.

Turai ba ta yi wasa da riƙon ba. Farar dawa take zaɓa, ta surfe, ta wanke, ta niƙa, ta tace har sau biyu, ta dama koko mai santsi. Sau biyar a yini take tallabe yarinyar a cinya ta yi mata ɗura. Ta karɓo mata rubutun yaye, ta ɗaura mata ɗan kambun fata a idon sawu.

Duk Juma'a Mairama kan je gaisuwa. Ta durƙusa a ƙofar ɗaki, ta gaida suruka, ta saci kallon yarinya ta gefen mayafi. Mako shida ba ta ga wani sauyi ba. Damina na kankama sai wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke kuwa kin ga 'yar Innarku? Tubarkalla! Cikin kwana goma ta zama kamar tulu."

Da Juma'a ta zo, Mairama ta je ta tarar da Kubra zaune a tabarma gindin rumbu. Fuska ta cika fam, kumatu sun zubo, idanu sun shige ciki. Ƙafafu sun yi sumul suna ƙyalli. Kambun ya nutse a nama, Turai na dariya tana cewa ai wannan na biyu ne, na farkon sai da aka yanke shi. Mairama ta ce, "Madalla, Inna." Amma idonta na kan wani abu dabam. 'Yan tsaki na yawo a tabarmar, ɗaya har ya hau ƙafar yarinyar, ko motsi ba ta yi ba. Kubran da ta sani, kaza ba ta shan iska a gabanta. Gashin da yake baƙi ƙirin ya koma ja-ja kamar gashin masara, ya yi laushi ya kwanta. Da aka ɗauke ta za a yi mata ɗura ba ta yi kukan ƙi ba, sai wani siririn nishi kamar na kyanwa.

Da la'asar Barau ya dawo daga gona yana wanke ƙafa, ta tsaya a kansa.

"Malam, yarinyar nan ba ƙiba ta yi ba."

Ya ɗago, don bai taɓa jin ta tayar da zancen 'yar da bakinta ba. "Wace yarinya?"

"Ka san wadda nake nufi. Abin da ya yi ƙiba wasa yake yi. Na daɗe ina kiwon maruƙa, ban taɓa ganin wanda ya ƙoshi ya kwanta yana kallon ƙasa ba. Kuma wace irin ƙiba ce ke zuwa cikin kwana goma, a kan koko tsura?"

"'Yar mutum kike haɗawa da maraƙi?" in ji Barau. "Inna tara ta haifa, ta yaye jikoki sun fi goma. Gari duk yana sa albarka, ke kina neman aibu. Kada maganar nan ta fita daga gidan nan."

Kwana biyar ba ta cin abin kirki.

A rana ta shida aka yi suna a babban gida, matar wan Barau ce ta haihu. Gida ya cika da mata. Turai ta yi wa Kubra wanka, ta sa mata kwalli, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa sai ya ce, "Wash, nauyi! Tubarkalla." Mairama na can bakin murhu tana tuƙa tuwo tare da sauran matan 'ya'ya, inda ya kamata a same ta. Ta ga wata tsohuwa ta ɗaga yarinyar sama, kan ya langaɓe baya, ba wanda ya kula. Ta jingine muciya, ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakar gida.

"Kubra," ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kubra, zo wurin uwarki."

Kowa ya juyo, har mai kiɗan ƙwarya ta tsaya. Mairama ta karɓe yarinyar, ta zauna a ƙasa tsakiyar mata, ta ɗora ƙafar a gwiwarta. Ta sa babban yatsa ta danna bayan ƙafar, ta riƙe gwargwadon a yi bisimilla sau uku, sannan ta ɗage. Wurin ya lotsa, gurbin yatsan ya zauna kamar a ɗanyen yumɓu, ya ƙi tasowa.

"Ku duba," ta ce. "Inna, ki duba. Kitse ba ya riƙe yatsa. Ku kawo duk ɗan da kuka ga dama a gidan nan in danna ku gani. Wannan ruwa ne ya kwanta mata a jiki."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Turai ta miƙe. "A gaban jama'a? 'Yar fari? Ashe kunyar taki ta aro ce?"

"Tawa ce, Inna. Shekara biyu ina riƙe da ita. Yau na ajiye, in yarinya ta tashi na dawo na ɗauka."

"Ke me kika sani? Uku aka fitar daga ɗakina a naɗe a tabarma, kowanne a bushe kamar kara. Na san kamar mutuwa, da rama take zuwa. Na karɓi yarinya daga ƙashi sai fata, na mai da ita mutum, sakayyata ke nan?"

Maganar ta shigi Mairama, don ta san ba ƙarya a ciki. Ta sassauta murya, amma ba ta saki yarinyar ba. "Ban ce ba ki wahala ba, Inna. Allah ya saka miki. Amma koko ba nono ba ne."

Tsohuwar da ta ɗaga Kubra ɗazu ta sunkuya, ta shafa gurbin da yatsanta, ta ce a hankali, "Kai, Turai, wannan kamar kumburi ne fa. A kira wanzami ya yi mata tsaga, ruwan ya tsiyaye."

"Ba mai sa mata aska," in ji Mairama. Ta saɓa ta a baya, ta ɗaure.

Turai ta ce, "In kika tsallake zauren nan da ita, kada bakinki ya ƙara kirana Inna."

Mairama ta durƙusa har ƙasa da goyon a bayanta, ta ce, "Na bar ki lafiya." Ta tashi ta fita, tuwo ya kama a tukunya.

A gida ta sa ta a nono, ta tarar ya ƙafe. Ta shiga gidajen maƙwabta tana neman akuya mai shayarwa, amma labari ya riga ta isa, akuyar kowa ta ƙafe a ranar. Barau ya shigo fuska a murtuke, ya ce Inna ta ce a mai da yarinya kafin gobe da azahar. Mairama ta ce masa ita Kwandiko za ta, awakin da uwarta ta bar mata suna can.

"Ban yarda ba," in ji shi. "Kogi ya kawo, kuma watan jiya mahara suka sauko daga duwatsu."

"Na ji. Ban kuma yi niyyar sace jiki ba, shi ya sa nake faɗa maka da rana tsaka. Gobe fatake masu kanwa za su tashi zuwa Gwaram, zan bi su. In ka ga dama ka raka ni, in ka ga dama ka aiko min da sakina. Amma muddin ina numfashi yarinyar nan ba ta komawa kan koko."

Barau ya daɗe yana kallon ƙafar 'yarsa. Ya kai hannu kamar zai danna, ya fasa. Da safe ya saɓa fartanya ya tafi gona tun ba ta gama shiri ba. Bai ce je ki ba, bai kuma tare ƙofa ba.

Kwana biyu suka yi a hanya cikin taɓo. Yarinyar ta yi mata nauyi irin na jiƙaƙƙen zane, in ta kwance goyo sai ta ga sawun majanyi ya zauna a cinyoyinta. A bakin kogi fatake suka sauke kaya suna jiran ruwa ya janye, don jakuna ba sa ƙetarewa. Mairama ba ta jira ba. Ta ba masu fito mayafinta a madadin kuɗin fito, suka zaunar da Kubra cikin ƙatuwar ƙwaryar fito, ita ta rungumi gefe, mutum ɗaya na iyo yana tura su. Ruwa ya ja su nesa da mashigi kafin ƙafarta ta taɓa yashi.

Ta tarar da mahaifinta zaune a tsohon makwancin shanu, ciyawa ta fara rufe turaku. Gemunsa ya yi fari fat cikin shekara guda. Ta gaishe shi, ta faɗa masa duk yadda aka yi, ba ta rage ba.

"Wato yaji kika yi," in ji Hambali.

"A'a, Baffa. Nono na zo nema."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya nuna filin da sandarsa. "Ga shi nan, tatsi."

"Awakina nake nufi."

"Nonon akuya? A gidan nan ba a taɓa kai ƙwarya ƙarƙashin akuya ba. Don shanu sun tafi sai mutunci ma ya bi su? Kin tozarta surukarki, kin kira sunan 'yar fari, yanzu kuma ga wannan."

"Nuna min saniya ɗaya, Baffa, in bar akuya."

Maganar ta yi masa zafi, ita ma ta san ta yi. Ya tashi ya shige bukka. Ta ɗauko ƙwaryar uwarta ta wanke. Awakin sun hayayyafa sun kai bakwai, uku suna shayarwa.

Ranar farko ta cika ludayi da ɗanyar madara ta ba ta. Yarinya ta amayar, ciki kuma ya ɓare. Mairama ta tsorata ƙwarai. Sai ta tuna marayan maraƙi ba a cika masa ciki. Ta bar madarar ta kwana ta zama kindirmo, ta sirka da tafasasshen ruwa, ta riƙa tsoma yatsa tana sa mata a baki, daga nan ta koma ɗan cokalin duma, kaɗan-kaɗan, tun safe har faɗuwar rana. In Kubra ta kau da kai sai ta jira, ba ɗura. Hannuwan yarinyar da ƙafafunta sanyi ƙalau, don haka ta riƙa ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, ko tatsa take yi.

A kwana na huɗu fitsari ya ɓalle. Ta jiƙa zane, a sake wani ta jiƙa. Idanu suka fara fitowa daga cikin kumatu. Mairama ta tsinci ƙwan zabi a gefen gona, ta dafa, ta marmasa gwaiduwar cikin kindirmo. Wata mata da ta zo ɗiban wuta ta gani ta riƙe baki.

"Ƙwai za ki ba yarinya? So kike ta tashi da sata?"

"Ta tashi tukuna," in ji Mairama. "In ta yi satar, ni zan tsaya gaban alƙali."

Hambali na daga bukka yana jin su. Washegari ta fito ta tarar da malafarsa a ƙofar ɗakinta da ƙwan zabi a ciki, ga kuma damin ganyen ɓaure an zube wa awaki. Bai taɓa yi mata zancen ba, ita ma ba ta yi godiya ba, amma daga ranar kullum sai ta samu.

Kwana goma sha biyu kumburin ya sauka duka. Abin da ya bari ya fi wanda ya tafi ban tsoro. Haƙarƙari a waje, ɗuwawu ya yamutse kamar tsohuwar jaka, fatar cinya na ɓarewa kamar yaɓen tsohon bango. Mairama na shafa mata man kaɗe, ta zaga bayan rumbu ta yi kukanta ita kaɗai, tana tambayar kanta ko Turai ce da gaskiya. Abu ɗaya ya riƙe ta. In ta gitta da ƙwarya, yanzu idon yarinyar na bin ta.

A wannan hali Barau ya iso, Turai ta aiko shi ya ɗauko jikarta. Ya gaida surukinsa, aka shigar da shi. Yana ganin Kubra ya ja da baya ya yi salati.

"Kin ɗauko yarinya kamar tulu, kin mai da ita tsinke? Wannan ne maganin naki?"

"Wannan ce 'yarka, Malam. Waccan da kuke yabo ruwa ce. Haka take a ciki tun tana hannun Inna, ba ku gani ba ne."

"Miƙo min ita. Ko mutuwa za ta yi, ta mutu a gidan ubanta."

Mairama ta ajiye yarinyar a bayanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta dafa kowane gefe. "Ka fi ni ƙarfi, ka kuma fi ni iko da ita, na sani. Amma sai ka kayar da ni a gaban Baffa ka tsallake."

Barau ba mai dukan mace ba ne, bai kuma san yadda zai koma wa uwarsa hannu rabbana ba. Suna tsaye cirko-cirko Hambali ya taso da sandarsa. Bai shiga zancen yarinya ba, ya ce, "Barau, baƙo ba ya zuwa gidana ya juya a ranar. Kwana uku za ka yi. Ga gerona can ciyawa ta ci, ni kuma ƙarfi ya tafi."

Barau ya karɓi fartanya, don ba a yi wa suruki musu. Kwana biyu yana noma, in ya dawo ya zauna nesa yana kallon yadda ake ba da cokali ɗaya, a jira, a ba da wani. A rana ta uku da hantsi aka kawo masa dafaffiyar gyaɗa a akushi. Kubra na zaune kusa, ta miƙa hannu ta damƙi cike da tafi. Ya riƙe hannun don kada ta shaƙe. Sai ta buɗe baki ta kwarma ihu har awaki suka firgita, ta kai masa duka a gemu, ta sake kai wani. Wata biyu rabon da a ji muryarta haka. Mairama na tatsa ta saki akuya ta taho da gudu, ta tsaya tana kallo, ƙwarya na zuba a ƙafarta.

Barau ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya tauna, ya sa wa yarinyar a baki. Da azahar ya ɗaura takalmansa ya kama hanya shi kaɗai. Abin da ya faɗa wa Turai, da abin da ta faɗa masa, bai taɓa gaya wa kowa ba. Sau biyu ya dawo kafin kaka, kowane zuwa da wake da gyaɗa a taikin fata.

Sai da aka girbe gero Mairama ta koma Birnin Kudu, da awaki huɗu a gaba, Kubra a baya, siririya, baƙin gashi ya fara tsirowa ƙarƙashin jan. Ta tarar an yi rashin yara da yawa a daminar nan, cikinsu har da waɗanda aka yi ta yaba ƙibarsu. Ranar Juma'a ta je babban gida ta durƙusa ta yi gaisuwa. Turai ta karɓi jikarta ta rungume, amma gaisuwar ba ta amsa ba. Haka aka yi ta yi fiye da shekara, Mairama ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ranar da Turai ta fara amsawa, "Lafiya" kawai ta ce, a kan haka suka zauna har ta bar duniya. Ba ta taɓa cewa Mairama ce da gaskiya ba.

A gari aka sa mata suna Mairama Tsaurin Ido. Amma mata suka fara shigo mata da yara a ɓoye, wai sun zo aron rariya. Ita kuwa ba ta iya ɓoyo ba. Ta danna ƙafa, in ta ga gurbi ta faɗa, ta ba da kindirmo, ta nuna yadda ake bayarwa. Wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Wani yaro da aka kawo jiki duk ya fashe ya cika a rana ta biyu, danginsa suka ce bakinta ne ya kama shi, suka kai ƙara wurin mai unguwa. Mai unguwa ya kira Barau ya ce ya ja wa matarsa kunne, ta daina taɓa 'ya'yan mutane.

Barau ya dawo ya isar da saƙo. Mairama ta yafa mayafi, ta sa shi a gaba har ƙofar mai unguwa, ta durƙusa daga gefen zaure inda dattawa ke jinta.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa shiga gidan kowa na ɗauko ɗa ba, kawo min ake yi. Ka hana su zuwa in kana iyawa. Amma duk wadda ta shigo ta ɗora min ƙafar ɗanta a gwiwa, abin da na gani shi zan faɗa. Ba zan ce tubarkalla a kan kumburi ba."

Mai unguwa ya dubi Barau. Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na gwada hana ta." Dattawa suka yi dariya, magana ta mutu a nan.

Ta haifi biyar bayan Kubra, huɗu suka rayu, duka a ɗakinta ta yaye su. Kubra ba ta yi tsayi ba, ta tashi gajeruwa mai faɗan tsiya, aka aurar da ita a Fagam. Mairama ta riga ta tsufa lokacin da Barau ya rasu, 'ya'yanta maza suka so ta koma wurinsu ta huta, ta ƙi. Ta zauna a gidan nan na bakin ganuwa ita da awakinta, tana faɗa da maƙwabta a kan shingen da awakin ke ci, har shekarar da ƙafa ta gaza mata.